Kashin jemage: taki ne mai ƙarfi, amma a kula da ƙurarsa

Ɗan'uwa mai karatu, in magariba ta yi ka ɗaga kai sama. Za ka ga jemagu suna fitowa daga rufin masallaci, daga kogon kuka, daga tsohon rumbu ko tsohuwar rijiya. Da safe kuma, in ka duba ƙarƙashin wurin da suke kwana, za ka tarar da wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar na shinkafa sun zuba a ƙasa. Wannan shi ne kashin jemage. Wani in ya gan shi sai ya ɗauko tsintsiya ya share, ƙura ta tashi, ya zubar a bayan gida. Wani kuwa sai ya kawo buhu ya kwashe da hannu ya kai garka. Na farko ya zubar da dukiya. Na biyu ya san darajarta. Amma su duka biyu sun shaƙi ƙura, kuma a cikin ƙurar nan ne matsalar take.

Bari mu fara da sanin mai kashin. Jemagu iri-iri ne, a duniya sun fi iri 1400. A nan wurinmu za ka iya raba su gida biyu. Akwai manya masu fuska kamar ta kare, waɗanda ke rataye bisa manyan itatuwa da rana, kamar waɗanda ake gani a Yamai. Abincinsu ƴaƴan itace ne da ruwan fure: mangwaro, ɓaure, gwaba, ƴaƴan dogon yaro. Akwai kuma ƙanana, waɗanda ba su fi tsawon yatsa ba in an cire fukafukai. Su ne ke shiga rufin ɗakuna. Abincinsu ƙwari ne: sauro, fara, gina in ta yi fukafuki, da malam-buɗe-littafin dare wanda tsutsarsa ke cin amfanin gona. Ƙaramin jemage yana iya cin ƙwarin da suka kai rabin nauyin jikinsa a dare ɗaya. Mai shayarwa kuwa takan ci fiye da haka.

Tun muna yara muke ji ana cewa jemage ta baki yake kashi. Ba haka ba ne. Yana da dubura kamar kowace dabba. Abin da ya kawo maganar shi ne, babban jemage yana tauna ɗan itace, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar. Tuƙar ce mutane ke gani ƙarƙashin itace su ce kashi ne. Kashinsa na gaske yana da ruwa-ruwa, da ƴan ƙwayoyin iri a ciki. Na ƙaramin jemage kuma busasshe ne, yana kama da na ɓera. Ga yadda ake bambanta su: ka danna ƙwaya ɗaya da tsinke. In ta murƙushe ta zama gari, kana ganin wasu abubuwa masu ƙyalli a ciki, to na jemage ne, ƙyallin nan ɓawon ƙwari ne. Na ɓera yana da tauri, ba ya murƙushewa da sauƙi.

To, mi ya sa yake taki?

In ka taɓa sayen takin zamani, ka ga buhun da aka rubuta 15-15-15 a jikinsa. Lambobin nan uku suna nufin abinci uku da shuka ke bukata. Na farko azot, shi ne ke sa ganye ya yi kore shar. Na biyu fosfor, shi ne ke taimakon saiwa da fure. Na uku potas, shi ne ke ba shuka ƙarfi. Farin takin nan da ake kira ure kuwa, azot ne kawai a cikinsa, kashi 46 cikin 100. Kashin jemage yana da abincin nan duka uku. Na mai cin ƙwari ya fi yawan azot, domin ƙwaro nama ne. Bai kai ure ba, amma ya fi kashin shanu nesa ba kusa ba. Shi ya sa abin da za ka ɗauka a ƙwarya yana iya yin aikin da sai ka cika kwando da na shanu. Kuma yana da abin da takin zamani ba shi da shi: yana ruɓewa cikin ƙasa, ya taimaka mata ta riƙe ruwa. Ƙasar jigawa irin tamu, wadda ta gaji da noma shekara da shekaru, ga ƙarancin fosfor, tana son irin wannan.

Wannan ba labarin wata ƙasa mai nisa ba ne kawai. A ƙasar Gure, cikin jihar Damagaram, wajen ƙauyen Magarawa, akwai duwatsun da jemagu ke kwana cikinsu. Mutane suna ɗebo kashin a buhuna, masu garka suna sa wa kayan lambu. Ma'aikatan gona suna kiransa gwano. Kalmar ta fito daga ƙasar Peru, inda aka fara kiran kashin tsuntsayen teku da ita, daga baya aka haɗa har da na jemage. A Amurka akwai wani kogo a jihar Tekzas, sunansa Baraken, inda miliyoyin jemagu ke taruwa kowace shekara. Can ma an daɗe ana kwasar kashin ana sayarwa. Lokacin yaƙin basasar ƙasar, daga 1861 zuwa 1865, har albarushi aka yi da gishirin da ake tacewa daga ƙasar irin waɗannan koguna. Mu dai ba albarushi muke nema ba, albasa da tumatir muke so.

Sai dai ka sani, taki mai ƙarfi yana ƙona shuka. In ka zuba ɗanyen kashin jemage a gindin ƙaramin tumatir, ka ba shi ruwa kaɗan, bayan kwana biyu za ka tarar ganyen ya yanƙwane kamar an babbake shi. Hanyar da ta fi ita ce ka sa shi cikin ramin taki. Ka shimfiɗa kara da ciyawa da yayi, ka zuba kashin dabbobi, ka barbaɗa na jemage kaɗan a kai, ka yayyafa ruwa, ka sake wani shimfiɗin. Haka har ramin ya cika. Ka rufe da tsohuwar tabarma ko ganye. Duk kwana 15 ka juya shi, amma ka jiƙa shi kafin ka juya. Bayan wata 2 ko 3 zai yi baƙi, warin ya tafi, ya koma ƙamshin ƙasar damina. A lokacin ne ya nuna.

In ba ka da rami, to ka gauraya shi da ƙasar fangali tun kafin dashe, ka yi ta ban ruwa na ƴan kwanaki. Ka fara da kaɗan. Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, kada ka ɗauki maganata, ka gwada da kanka. Ka ware fangali uku masu girma ɗaya. Na farko kada ka sa masa komi. Na biyu ka sa gwangwani ɗaya. Na uku ka sa biyu. Ka rubuta ranar da ka sa, ka rubuta abin da ka girbe a kowane. Ai amfanin karatun ke nan. Baɗi ba sai ka tambayi kowa ba, littafinka zai gaya maka.

Abu ɗaya game da kayan da ake ci ɗanye, kamar salati da karoti da tumatir. Ɗanyen kashi ko na wace dabba ne yana ɗauke da ƙwayoyin cutar zawo. Kada ka watsa shi bisa ganyen da za a ci. In ɗanye za ka sa, to a samu wata 4 tsakanin sawa da girbi. Salati ba ya jiran wata 4, saboda haka shi sai takin da ya nuna. Kuma a wanke shi da ruwa mai tsabta kafin a ci.

Yanzu mu zo ga ƙura.

Wata shekara, ɗakin da muke karatun yaƙi da jahilci ya dame mu da wari. Ɗaki ne mai rufin kwano, da katako a ƙarƙashin kwanon. In rana ta take, warin yana sa hawaye. Katakon har ya lanƙwashe don nauyi. Sai wani ɗalibina, magidanci mai garka, ya ce: "Malam, ku bar min shi, ni ina so. Wanga taki ai ba a samu nai da kuɗi." Na ji daɗi, na ce ya kwasa. Ya ɓalle katako ɗaya, ya shiga da tsintsiya da buhu. Ya fito fari fat da ƙura, yana dariya, da buhu uku. Bayan kamar sati biyu sai muka daina ganinsa. Na je gaishe shi, na tarar da shi kwance, ga zazzaɓi, ga busasshen tari, ga ciwon ƙirji. Ya sha maganin zazzaɓin sauro, bai ji sauƙi ba. Da aka kai shi likita, sai da lokotoro ya tambayi aikin da ya yi kwanan baya kafin ya gane inda za a nema. Allah ya ba shi lafiya, amma noman ranin shekarar ya wuce shi. Har yau ina jin nauyin abin, domin ni na ce ya shiga, kuma ban san komi ba a lokacin.

Ga abin da na koya daga baya. Ka san funfunar da ke fitowa bisa tuwon da ya kwana biyu. To, akwai wata irin funfuna da ido ba ya gani, wadda ke son ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya daɗe yana taruwa a kanta. Tana yin iri ƙanana ƙwarai, sun fi ƙurar gari ƙanƙanta. Muddin tulin yana kwance ba a taɓa shi ba, irin yana nan wurinsa. Da zarar an share ko an haƙa shi a bushe, sai ya tashi cikin iska, mutum ya shaƙa, ya sauka cikin huhu. Cutar da yake kawowa likitoci suna kiranta histoplasmos. Wani likita ɗan Amurka, Samuwel Darlin, shi ya fara bayyana ta a ƙasar Panama a 1906.

Ba kowane tuli ne ke da funfunar ba, kuma da ido ba ka iya sanin wanda ke da ita. Yawancin waɗanda suka shaƙi kaɗan ba sa ma sanin sun shaƙa, jikinsu yana kashe ta. Amma wanda ya shaƙi mai yawa, alamun sukan fito tsakanin kwana 3 zuwa 17: zazzaɓi, tari, ciwon kai, ciwon ƙirji, kasala. A wasu mutane cutar takan daɗe cikin huhu, mutum ya yi ta rama, yana zufa da dare. A nan ne take ruɗar mutane, domin ta yi kama da tarin fuka sosai. Ana iya ba mutum maganin tarin fuka wata da watanni bai warke ba, alhali ba shi ne ke damunsa ba. Maganin tarin fuka ba ya kashe funfuna. Tana da nata magani daban, wanda akan sha na tsawon watanni, kuma lokotoro ne ke rubuta shi. Saboda haka in ka je likita da tari, kada ka jira a tambaye ka. Ka ce: "Na kwashi kashin jemage ranar kaza." Maganar nan guda tana iya rage maka wahala mai yawa.

A Afirka ta Yamma da ta Tsakiya akwai wani nau'in cutar namu na kanmu, wanda aka bayyana a 1952. Shi ya fi fitowa a fata da ƙashi: ƙuraje masu tauri, kumburi, gyambon da ba ya jin magani. Masu bincike sun samu funfunar wannan nau'i cikin ƙasar wani kogon jemagu a Ogbunike, kudancin Najeriya.

Cutar ba ta tashi daga mutum zuwa mutum. Ba a gudun mai ita, ba a ware masa kwano. Amma akwai waɗanda take yi wa mugun kamu, ta bar huhu ta bazu cikin jiki duka, har ta yi kisa in ba a yi magani ba. Su ne jarirai, da tsofaffi, da masu tsohon ciwon huhu, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni, musamman masu ciwon sida. Waɗannan ko kusa kada su je wurin kwasa. Ke ma uwar gida, in za ki share zaure ko ɗakin ajiya inda jemagu ke kwana, ki sauke goyo tukuna, ki ba wani ya fita da shi.

Kogo mai zurfi da ramin haƙar ma'adini kuma maganarsu ta fi haka nauyi. Akwai wani irin jemage mai cin ƴaƴan itace da ke kwana cikin koguna, dubbai a wuri ɗaya. An tabbatar yana ɗauke da ƙwayar cutar Marbug, ƴar'uwar Ebola, mai sa zazzaɓi da zubar jini. Ta kama masu haƙar zinariya a Durba, ƙasar Kwango, daga 1998 zuwa 2000. Ta kama masu haƙa a ramin Kitaka, ƙasar Yuganda, a 2007. Ta ɓulla a Gini a 2021, a Gana a 2022. Samarinmu da yawa suna tafiya haƙar zinariya, a gida da waje. In kana da ɗa ko ƙane a can, ka karanta masa wannan: ramin da ya ga jemagu sun cika shi, ya bar shi. Haka nan mangwaron da ka tsinta da shaidar haƙori a jikinsa, kada ka yanke gefen ka ci sauran, kada ka ba yaro. Kuma kada a kama jemage da hannu, ko da ya faɗo ƙasa, domin mai ciwo ne ya fi faɗowa. In ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi likita ranar nan, saboda cizonsa yana iya kawo ciwon haukan kare.

To, yaya za a kwashi takin ba a kwashi ciwo ba? Babban makami ruwa ne. Ka buɗe ƙofa da tagogi. Ka fitar da abinci da randa da shimfiɗa. Ka yayyafa ruwa a hankali bisa tulin, da butar ban ruwa ko da hannu, har ya jiƙe. Kada ka kwara da ƙarfi, kwarawa ma tana tada ƙura. Ka jira ruwan ya shiga. In ka ɗebe na sama ka tarar da busasshe a ƙasa, ka sake yayyafawa. Ka ɗiba da shebur, ka zuba cikin buhu mai leda a ciki, ka ɗaure bakin. Tsintsiya ba ta da aiki a nan sai bayan wurin ya jiƙe sarai.

Ka rufe hanci da baki. Tun zamanin korona, a 2020, kowa ya san takunkumi. Wanda ya dace da aikin nan shi ne mai kauri mai manne wa fuska, wanda aka rubuta FFP2 ko N95 a jikinsa, ana samunsa wurin masu sayar da magani a manyan garuruwa. Rawani ko ƙyalle yana tare ƙurar da ido ke gani, amma irin funfunar yana ratsa shi. Ya fi babu, sai dai kada ya sa ka saki jiki ka bar yayyafa ruwa. Ka sa safar hannu, in babu ka ɗaura leda. Ka sa takalmi rufaffe. Kada ka ci goro ko ka sha taba kana cikin aikin. In ka gama, ka tuɓe kayan a waje, ka jiƙa su cikin ruwan sabulu, kada ka kakkaɓe su a tsakar gida, sannan ka yi wanka. Wasu suna zuba ruwan jabel bisa tulin wai don kashe cuta. Kada ka yi. Warin nan mai sa hawaye in ya haɗu da jabel yana fitar da iska mai guba. Buhunan kuma a ajiye su a garka ko bayan gari, nesa da rumbu da rijiya da wurin wasan yara.

In tulin ya yi yawa ƙwarai, kamar na rufin lakkwal ko na masallacin da ya shekara goma ba a taɓa ba, wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma ba aikin ƴan makaranta ba ne. Na sha ganin an tura yara sharar irin wannan wuri don sun yi laifi. Wannan ba horo ba ne, ganganci ne. A nemi shawarar ma'aikatan tsabta ko na gidan likita, manya masu lafiya su yi aikin, ranar da ba karatu.

Saura jemagun da ke cikin rufin ɗakinka. Mutum bai kamata ya kwana ƙarƙashin kashi ba, wannan gaskiya ne. Amma kada ka sa musu guba ko hayaƙi. Za su mutu cikin rufin su ruɓe, waɗansu su faɗo tsakar ɗaki inda yara da kyanwa za su ɗauka. Ka tsaya da magariba kwana biyu ko uku, ka ga ta inda suke fita. Ƙaramin jemage yana shiga ramin da bai fi kaurin yatsa ba. Ka toshe sauran ramukan duka da laka ko siminti ko ragar waya, ka bar babbar ƙofarsu. Bayan sun fita kiwo da dare, sai ka toshe ta. In kana jin kukan ƴaƴa a ciki, ka dakata ƴan makonni har su iya tashi, in ba haka ba za su mutu a rufe.

Kashe su ba ya kawar da cuta. A ramin Kitaka ɗin nan na Yuganda, masu haƙa sun kashe jemagun a 2008. Bayan ƴan shekaru wasu suka zo suka maye wurin, kuma da aka auna su, masu ɗauke da ƙwayar Marbug a cikinsu sun fi na da yawa. Ban da haka, muna cin moriyarsu ba mu sani ba. Furen kuka da dare yake buɗewa, haka na ɗorawa, kuma manyan jemagu na cikin masu kai garin fure daga wannan itace zuwa wancan, har su yi ƴaƴa. Su ne kuma ke yar da irin ɓaure da na wasu itatuwa nesa da gindin uwar. Ƙananan kuwa suna rage maka sauro da ƙwarin gona. In akwai tsohuwar kuka mai kogo ko kangon da ba mai kwana a bayan gari, a bar musu shi. Sau ɗaya a shekara, bayan girbi, ka je da ruwanka da takunkuminka da shebur ka ɗebo na noman rani.